SHARHI A KAN KOYAR DA LISSAFIN KASO DA SIFFOFI A ƘANANAN AZUZUWA

1. Abin da ya jawo wannan takarda

Wata rana na tafi duba wani ɗalibinmu da ke gwajin koyarwa a wata makarantar firamare, na tarar da shi a aji uku yana koya wa yara rabi da rubu'i. Ya zana da'ira a allo, ya ja mata layi biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, ya shafe yanki guda da alli, ya tambaya. Yara suka amsa baki ɗaya, "Ɗaya bisa huɗu!" Ya zana wata, ya shafe yanki uku, suka ce, "Uku bisa huɗu!" Haka aka yi ta yi har allo ya cika, babu wanda ya yi kuskure, malami kuwa sai murmushi ya ke yi.

Da ya ƙare na roƙi arziki ya ba ni allin. Na zana alwatika, na ratsa ta da layi uku a kwance, ta zama yanki huɗu, na sama ɗan tsito, na ƙasa ƙato. Na shafe ɗan tsiton. Kafin in rufe baki aji ya ɗauka, "Ɗaya bisa huɗu!" Alhali kuwa, in an ja layukan nan da tazara ɗaya, ɗan yankin saman ɗaya ne bisa goma sha shida. Can sai wata yarinya daga baya ta ce a hankali, "Malam, ai an ƙwari mai wannan." Ita kaɗai ta dubi zanen da idon mai rabo, sauran duk da idon mai ƙidaya suka dube shi.

Laifin ba na ɗalibin nan ba ne, gama abin da ya gani a littafi shi ya yi, abin da muka koya masa a kwaleji kuma shi ya bi. Saboda haka hanyar kanta na ke so mu ɗora a ma'auni, watau koyar da kaso ta zana siffa, a yanka ta, a shafe wani yanki, a sa yaro ya faɗi sunansa. A cikin wannan takarda, in na ce kaso, ina nufin adadi irin su 1/2 da 3/4. Lambar da ke ƙarƙashin layi zan kira ta lambar ƙasa, ta bisansa lambar sama. Abin da a ke rabawa kuwa, kafin a taɓa shi, zan kira shi guda. Kaso irin su 1/2 da 2/4 da 3/6, waɗanda rubutunsu ya bambanta amma yawansu ɗaya, su ne kaso masu kima ɗaya.

2. Asalin hanyar da amfaninta

Hanyar nan tana da asali mai kyau. Friedrich Froebel, Bajamushen da ya raɗa wa makarantar ƙananan yara sunan Kindergarten a 1840, yana ba yara wani dunƙulen katako mai fuska shida wanda aka yanka takwas, su wargaza su haɗa. Maria Montessori, wadda ta buɗe gidan yaranta na farko a Rum a 1907, an san makarantunta da da'irori na ƙarfe, tun daga cikakkiya har zuwa wadda aka raba goma, yaro ya ciro yanki ya gwada a gurbin wani. Georges Cuisenaire, wani malamin firamare a ƙasar Beljiyam, ya buga ɗan littafinsa a 1952 a kan sanduna masu launi, tsawonsu daga santimita 1 zuwa 10. A ƙasashenmu kuma, taron da aka soma a Entebbe ta Uganda a 1962 ya haifar da littattafan sabon lissafi waɗanda suka shiga makarantu da kwalejojin horon malamai, har zuwa 1977 da gwamnatin Nijeriya ta janye sabon lissafi daga firamare.

Mai karatu ya lura da abu guda. Froebel da Montessori da Cuisenaire duk abin riƙewa a hannu suka ba yaro, shi ya ke rabawa, shi ya ke haɗawa, shi ya ke gwada wannan a kan wancan. Da hanyar ta iso cikin littafin aji sai hannu ya fita, aka bar ido kaɗai. Siffa ta zo a yanke, a shafe, ba abin da ya rage wa yaro sai ya ƙirga. A nan ne yawancin ɓarnar ta shigo.

Duk da haka ba za a hana wa siffa haƙƙinta ba. Gani ya kori ji. Yaron da ya ga da'ira an raba ta takwas kusa da wadda aka raba biyu, ya fi saurin yarda cewa 1/8 bai kai 1/2 ba, ko da ya ke 8 ta fi 2. Wannan kuwa babban tsani ne, domin tun da yaro ya soma ƙidaya ya ke jin cewa babbar lamba ita ce mai yawa, sai ga shi yau an zo masa da wurin da babbar lamba ke nuna ƙanƙanta. Da'ira kuma tana da wata falala ta musamman: in an cire mata yanki, giɓin yana nan a fili, ido ba ya manta guda. Har wa yau hanyar ba ta da tsada, alli da allo sun isa. Wanda ya san halin makarantunmu na ƙauye ba zai raina wannan ba.

3. Aibu huɗu

Aibi na farko shi ne wanda na ba da labarinsa. Yaro ya gane cewa in ya ƙirga yankunan da aka shafe ya rubuta a sama, ya ƙirga dukan yankuna ya rubuta a ƙasa, malami zai ce daidai ne. Wannan dabara tana ci kullum, tun da ya ke littafi bai taɓa kawo masa siffar da aka raba ba daidai ba. Sai sharaɗin da ya fi kowane girma, watau yankuna su zama daidai wa daida, ya ɓace masa, domin abin da ba a taɓa saɓawa ba ba a lura da shi. Jean Piaget da abokan aikinsa biyu, Inhelder da Szeminska, a littafinsu na 1948 a kan yadda yaro ke fahimtar awon siffofi, sun sa yara raba waina tsakanin 'yan tsana. Sun ga ƙananan yara suna yankar ɗan ɓangare su bar saura, ko su rikita yawan yanka da yawan yankuna, in kuma aka ce a raba uku sai su raba biyu su sake raba biyu, su tashi da huɗu. Waɗannan su ne wahalolin da ya kamata yaro ya yi kokawa da su. Siffar da ta zo a yanke ta ɗauke masa kokawar, ta kuma ɗauke masa ilmin da ke cikinta.

Aibi na biyu, rashin kula da guda. Na sha ganin shafi ɗaya an zana ƙaramar da'ira an shafe rabinta, kusa da ita babban murabba'i an shafe rubu'insa, sa'an nan a tambayi yaro wanne ya fi. Idonsa ya ce rubu'in ya fi, littafi ya ce rabin ya fi, sai ya koyi cewa a darasin lissafi ba a gaskata ido. To, ina amfanin zanen ke nan? Kowace mace da ke awo a kasuwa ta san rabin mudu ba rabin buhu ba ne. Tambayar da ta kamata ta riƙa fitowa daga bakin malami ita ce, "Rabin me?" Ba a gwada kaso da kaso sai gudansu ɗaya ne.

Aibi na uku yana jikin da'ira, wadda littattafai suka fi so. Raba ta biyu ko huɗu ko takwas ba wuya. Amma sulusi yana bukatar kusurwa mai digiri 120, humusi mai digiri 72, subu'i kuwa ko cikakken digiri ba ya bayarwa. Malami da alli a hannu ba zai iya su daidai ba, balle yaro ɗan shekara takwas. Abin da ke faruwa shi ne, ko dai malami ya zana karkatattun yankuna ya ce a ɗauka daidai su ke, ya rushe sharaɗin da ya ke son kafawa, ko kuwa ya guje wa uku da biyar, yara su tashi ba su san kaso ba sai na zuriyar biyu. Na kuma ga yara da yawa suna raba da'ira uku da layi biyu a tsaye, kamar yadda a ke yanka burodi, na tsakiya ya fi na gefe, malami ya sa musu maki.

Aibi na huɗu shi ne mafi nauyi. Siffa tana koya wa yaro cewa kaso yanki ne a cikin guda, ba ya wuce guda. Ranar da aka kawo masa 5/4 sai ya tsaya, gama yaya za a shafe yanki biyar a siffar da ke da huɗu? In malami ya zana da'ira biyu ya shafe yanki biyar, yaro ya bi dabararsa ta jiya ya ce 5/8, kuma bisa ga abin da aka koya masa bai yi ƙarya ba. Haka nan sanannen kuskuren nan na tara 1/2 da 1/3 a sami 2/5, siffa ce ke ɗaure masa gindi: ga yanki ɗaya cikin biyu, ga ɗaya cikin uku, in an jera su ai biyu ne cikin biyar. Thomas Kieren, wani masani a Kanada, ya nuna a 1976 cewa kaso yana da fuskoki da dama. Yakan zama awo, kamar yadi ɗaya da rabi. Yakan zama sakamakon rabawa, kamar waina uku ga yara huɗu. Yakan zama gwargwado tsakanin abu biyu, yakan kuma zama aikin da a ke yi wa wani adadi, kamar a ce sulusin garke. Siffar da aka shafe fuska ɗaya kawai ta ke nunawa. Kama da wane ba wane ba ne.

4. Kaso masu kima ɗaya

A nan ne ya kamata siffa ta fi yin amfani, a nan ne kuma littattafai suka fi yin gaggawa. Yadda darasin ke tafiya galibi shi ne, a zana da'ira uku, a shafe 1/2 da 2/4 da 4/8, a ce wa yara su duba duk ɗaya ne. A ƙasan shafin sai ga doka a cikin akwati: ninka lambar sama da lambar ƙasa da lamba ɗaya. Daga nan zane ya ɓace, aiki ya koma na lambobi zalla. Tsakanin zanen da dokar akwai rami, ba a kuwa sa gada ba. Yaro ya ga cewa abin haka ya ke, amma bai ga dalilin da ya sa ya zama haka ba.

Sakamakon wannan iri biyu ne. Na ɗaya, yaro ya san ninkawa tana ƙara yawa, saboda haka in an ce ya ninka sama da ƙasa sai ya ɗauka 4/8 ta fi 1/2, ko da bakinsa ya ce ɗaya su ke. Na biyu, tun da misalan duk na ninki biyu ne, kuma daga 1/2 zuwa 2/4 yana iya zama ƙari ne aka yi, sai waɗansu yara su ƙaga tasu dokar ta ƙari. Su ne za ka ji sun ce 2/3 da 3/4 ɗaya ne, don kowanne saura yanki guda ya cika. Hujjarsu daga zane ta fito, amma ba su lura yankin da ya rage a na farko ya fi na biyun girma ba.

Maganin wannan yana cikin siffa ɗaya da a ke sake yankawa, maimakon siffofi uku a jere. A zana fili mai kusurwa huɗu, a raba shi uku da layuka a tsaye, a shafe biyu. Ga 2/3. Kada a goge, kada a ƙara shafa kome. A ja layi ɗaya a kwance ta tsakiya, a tambayi yara ko wurin da aka shafe ya ƙaru. Za su ce a'a. To, yanki nawa ne yanzu? Shida. Nawa aka shafe? Huɗu. Me ya sa? Domin kowane yanki ya zama biyu, wanda aka shafe da wanda ba a shafe ba. In aka ja layi uku a kwance, kowane yanki ya zama huɗu, a sami 8/12. Dokar ninkawa ke nan ta fito da kanta, yaro ya ga cewa yankuna sun yi yawa ne domin sun ƙanƙance, gonar kuwa tana nan yadda ta ke. In aka goge layukan, an koya masa taƙaita kaso ba tare da wata sabuwar doka ba. Da wannan fili mai gida 12 kuma a ke kashe gardamar 2/3 da 3/4: wannan gida 8, wancan gida 9. Da'ira ba ta iya wannan aiki, domin ba ta yankuwa ta fuska biyu.

5. Abin da harshe da al'ada suka ajiye mana

Wannan sashe shi ya fi shafar masu nazarin Hausa. Muna da hanya uku ta faɗin 3/4. Mukan ce uku cikin huɗu, mukan ce uku bisa huɗu, mukan kuma ce rubu'i uku. Ba ɗaya su ke ba a kunnen yaro. Uku cikin huɗu ƙidaya ce, tana da sauƙi, amma ita ce ke toshe hanya in an zo 5/4, gama biyar cikin huɗu ba magana ba ce. Uku bisa huɗu kuwa siffanta rubutu kawai ta ke yi, wannan lamba a sama, waccan a ƙasa. Layin nan da ke tsakaninsu ma bai daɗe ba in an gwada shi da kaso kansa: a rubutun al-Hassar, wani masanin hisabi na Magariba a ƙarni na 12, aka soma ganinsa, Fibonacci kuma ya yi aiki da shi a littafinsa na 1202. Mutane sun yi dubban shekaru suna rabo kafin a ja shi.

Rubu'i uku ita ce maganar da ta dace da hankalin yaro, domin gininta ɗaya da na akuya uku ko mudu uku. Rubu'i shi ne abin da a ke ƙirgawa, uku kuma yawansa. Wanda ya saba da wannan ba zai yi mamakin rubu'i biyar ba, ba zai kuma tara rubu'i ɗaya da rubu'i biyu ya ce 3/8 ba, kamar yadda ba zai tara akuya da akuya biyu ya sami tumaki ba. Hausa tana da sunayen nan tun daga rabi, sulusi, rubu'i ko kwata, humusi, sudusi, subu'i, sumuni, tusu'i, har ushiri, yawancinsu aro daga Larabci. Gaskiya ne sun tsaya a goma, kuma waɗansunsu, kamar subu'i da tusu'i, ba a cika jinsu a bakin jama'a ba. Amma a aji biyu da uku ba a bukatar fiye da rabi da sulusi da rubu'i da sudusi da sumuni, waɗannan kuwa suna da rai. Ra'ayina shi ne a soma da suna, a zo da "cikin" daga baya, "bisa" kuma sai ranar da aka soma rubutu.

Dalilin da ya sa sunayen ke da rai shi ne zakka da gado. Manomi ya san ushiri a amfanin damina, da rabin ushiri a noman ban ruwa mai wahala. Rabon gado kuwa, kamar yadda ya ke a Suratun Nisa'i da babin fara'ila na Risala, an gina shi a kan kaso shida: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi, da sudusi. In mutum ya rasu ya bar mata da uwa da ɗa namiji, matar tana da sumuni, uwar sudusi. Malamin zaure ba ya raba dukiyar takwas ko shida. Yakan nemi asalin mas'ala, watau 24, ya ba matar 3, uwar 4, ɗan ya ɗauki 17. Abin da ya yi ke nan ya mai da 1/8 ta zama 3/24, 1/6 ta zama 4/24. Kaso masu kima ɗaya ke nan tsantsa, kuma a wurin da kuskure ke cin haƙƙin maraya. Ban ce a koya wa yaran aji uku gado ba. Amma ɗaliban kwalejojinmu da yawa sun zauna gaban malaman da ke wannan lissafi, sa'an nan su zo aji su ɗauka kaso wani baƙon abu ne da ya zo cikin littafin Turawa. Aikin mai horon malamai ne ya haɗa musu biyun.

Akwai kuma wani malami da muka rasa. Kafin naira ta shigo ran 1 ga Janairu, 1973, sule kwabo 12 ne, sisi kwabo 6, taro kwabo 3. Duk yaron da aka taɓa aika kasuwa ya san sisi rabin sule ne, taro biyu ne, kwabo shida ne, watau ya san 1/2 da 2/4 da 6/12 ɗaya ne tun bai shiga aji ba. Lamba 12 tana rabuwa biyu, da uku, da huɗu, da shida, alhali 100 ba ta ba da sulusi. Kuɗin goma-goma sun sauƙaƙa tarawa, amma sun tafi da wannan darasi na kyauta. Sai dai ba a rasa madadi ba. Kiret ɗin ƙwai gurbi 30 ne, layi 5 sau 6, haka ma gurabun dara da a ke haƙawa a ƙasa galibi. Ga fili mai kusurwa huɗu a yanke ta fuska biyu, wanda ke ba da rabi 15, sulusi 10, humusi 6, sudusi 5, ushiri 3. Layi biyu cikin shida ƙwai 10 ne, sulusin kiret ke nan, yaro ya gani da idonsa ya taɓa da hannunsa. Fuskar agogo ma da'ira ce da aka riga aka raba 12 daidai, ta ɗauke wa malami wahalar zana sulusi.

6. Gyaran da na ke ba da shawara

Da farko a soma da rabo kafin zane. A ba yara huɗu waina uku, ko faifan takarda uku, a ce su raba kada a ƙwari kowa. Waɗansu za su yanka kowace huɗu, kowa ya ɗauki rubu'i uku. Waɗansu za su raba biyu rabi-rabi, ta ukun su yanka ta huɗu, kowa ya sami rabi da rubu'i. Sai malami ya tambaya, wane rukuni ya fi ci? Daga gardamar da za ta tashi yara za su gano rabi rubu'i biyu ne. Hanya ta biyun nan kuwa irin ta Misirawan dā ce. A takardar da magatakarda Ahmes ya kwafa fiye da shekara 3,500 da suka wuce, wadda ke ajiye a London, akwai lissafin raba gurasa tsakanin mutum 10, amsa kuma a jere ta ke da ƙananan kaso irin wannan.

Na biyu, yaro ya yanka da kansa. Tsiri na takarda masu tsawo ɗaya sun fi da'ira, a naɗe wannan biyu, wancan huɗu, wani uku, wani shida, a jera su a ga inda karin naɗi ya haɗu. Naɗi uku zai ba su wuya, a bar su su sha wuyar.

Na uku, a riƙa kawo siffofin da aka raba ba daidai ba, a tambaya ko wannan rubu'i ne. A kuma kawo murabba'i biyu masu girma ɗaya, a raba ɗaya huɗu daga kusurwa zuwa kusurwa, ɗayan a raba shi tsiri huɗu, a tambaya ko alwatikar nan da tsirin nan ɗaya ne. Kamanninsu dabam, yawansu ɗaya, almakashi zai raba gardama. Wani lokaci kuma a juya tambayar: ga sulusi, zana mini guda.

Na huɗu, kada a bar aji huɗu ba a miƙe tsirin nan ya zama layin lambobi ba. A sa 0 a farko, 1 a ƙarshen tsiri, 2 a ƙarshen na biyu, a yi ta taku da rubu'i har a wuce 1. A kan layi 5/4 tana da mazauni kamar kowace lamba, 1/2 da 2/4 kuwa a ɗigo ɗaya su ke zaune, suna biyu na mutum ɗaya. A nan ne kaso ke tashi daga zama hoton yanki ya zama adadi.

7. Hukunci

Wani zai ce wannan duk ɓata lokaci ne a aji mai yara fiye da kima, ga manhaja tana jira. Amsata ita ce lokacin da aka ƙi kashewa a aji uku ana biyansa ninki a gaba. Robert Siegler da abokan aikinsa sun buga wani bincike a 2012 a kan yaran Amurka da na Birtaniya, suka ga cewa sanin kaso da rabawa a wajen shekara goma yana nuna yadda yaro zai yi a aljabara da sauran lissafi a sakandare, ko bayan an yi la'akari da sauran iyawarsa da halin gidansu. Kayan aikin da na lissafa kuwa, tsohuwar takarda da kiret da ƙasar tsakar makaranta, ba mai cewa sun fi ƙarfinsa.

Saboda haka hukuncina a kan hanyar siffofi shi ne tana da kyau a matsayin ƙofa, tana da illa in aka mai da ita ɗaki. Littafin da ke kawo siffa a yanke kullum, da'ira kullum, daidai kullum, ƙasa da guda kullum, yana horon yara su amsa daidai ba su fahimta ba, yana kuma ruɗin malami ya ɗauka ya koyar. Ina roƙon 'yan'uwana malaman kwaleji, in sun je duba gwajin koyarwa, kada amsar baki ɗaya ta ishe su. Su karɓi alli su zana alwatikar nan, su ga yara nawa za su ce an yi ƙwara. Masu nazarin harshe kuma akwai aiki a gabansu, na tattara yadda a ke faɗin rabo a kasuwa da gona da zaure, daga Sakkwato zuwa Damagaram, domin masu rubuta littattafan lissafi su sami abin da za su gina a kai.